Bikin waƙe na al'umma: abin da na gani daga kujerar mai riƙe agogo

Bikin waƙen da wata ƙaramar ƙungiyar marubuta ke shiryawa duk shekara ya cancanci a je shi, kuma duk mai hali ya je da niyyar kama aiki, don a nan ne ake ganin cikinsa. Na fara da wannan hukunci ne saboda akwai ƙorafi mai nauyi a gaba, ba na so wani ya karanta rabi ya ɗauka kushe na zo yi. Bana ta ƙofa biyu na shiga. Sunana na cikin jerin masu hawa dandamali, kuma ni aka damƙa wa agogo da ƙararrawa, wato ni ce mai gaya wa mawaƙi lokacinsa ya cika.

Ana yin bikin a ƙarshen makon da ya fi kusa da 21 ga Maris, ranar da hukumar UNESCO ta keɓe tun 1999 a matsayin Ranar Waƙe ta Duniya. Cikin dalilan da hukumar ta bayar akwai raya karanta waƙa da baki a gaban jama'a, da ba harsunan da ke neman ɓacewa damar a ji su. Masu shirya bikin sun ɗauki wannan da gaske. Ba wanda ya tambaye ni littafin da na taɓa bugawa ko makarantar da na yi. A jeri ɗaya na ga ɗalibar sakandare, da direba, da ma'aikaciyar jinya, da dattijon da ya yi jika da ni, kowa da takardarsa a hannu yana motsa baki yana bita.

Rajista ba ta ba ni wahala ba. Fom ne guntu a intanet, wanda kuma bai saba da waya ba an ajiye masa teburi da takarda da biro a bakin ƙofa. Abin da ake tambaya bai wuce suna ba, da harshen da za ka yi waƙar da shi, da ko rerawa za ka yi ko karantawa. Wannan tambaya ta ƙarshe ta faranta mini rai da na gan ta, don na zaci da amsarta za a raba lokaci. Ba a yi hakan ba, kuma nan ne tushen ƙorafina.

Ana gobe biki aka tara mu masu aikin sa-kai. Mai kula da mu wata baiwar Allah ce da kowa ke ce wa Anti, mace mai sanyin murya wadda ba ta maimaita magana. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana tambayar sana'ar kowa kafin ta ba shi aiki. Da ta zo kaina ta ce, "Malama, ke me kike yi?" Na ce, "Koyarwa nake yi, Anti." Ta ce, "To, kin san darajar ƙararrawa. Agogo naki ne." Mai aikin jinya aka ba ta akwatin taimakon gaggawa, mai tsayi da faɗaɗɗiyar murya aka sa shi bakin ƙofa. Kowa kuma an ba shi kati da aka rubuta aikinsa, da wurin tsayuwarsa, da wanda zai kira in abu ya rikice. Na sha yin aikin taro inda za ka wuni kana tambayar "ni me zan yi?" ba mai amsa maka. A nan ban ga mai sa-kai ko ɗaya yana gararamba ba, kuma wannan yabo na Anti ne.

Na biyu da ya cancanci yabo shi ne yaron da ke kan na'urar sauti. Waƙa ba ta da ganga ko molo da za su rufa mata asiri. In kalma ɗaya ta ɓace a lasifika, baitin ya tafi. Yaron nan ya san haka. Ya ja lasifikoki gaba da layin da mawaƙi ke tsayawa, don kada makirufo ya riƙa tsintar muryar da ke fitowa daga cikinsu, sannan ya sa kowane mai hawa ya zo gwaji da safe, ko da na ɗango biyu ne, wato layi biyu na waƙa. Da na kama makirufo ya matso ya ce, "Yaya, sauke hannunki ƙasa kaɗan. In kika dunƙule kansa da tafin hannu kin toshe ƙofofin bayansa, shi ke sa ya yi wannan kukan mai tsaga kunne." Ya nuna mini in bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da bakina, in kuma ɗan karkatar da shi gefe, saboda iskar da ke fita tare da fa da ba tana bugunsa kai tsaye. Da ya ji rerawa zan yi sai ya ƙara da cewa in riƙa ja da baya kaɗan duk inda zan ɗaga murya a ƙarshen ɗango. Na zauna a gaba, na kuma zagaya can baya lokacin hutu, sautin iri ɗaya ne. Wata tsohuwa da ke kujerar ƙarshe tana bin amshi ba ta kuskure ko gaɓa ɗaya ba.

Yanzu ga dokar da aka ba ni. Kowane mawaƙi yana da minti 3. In ya kai minti 2 da rabi in ɗaga kati mai ruwan ɗorawa, a minti 3 in ɗaga ja, in ya ƙara sakan 10 in kaɗa ƙararrawa, a kuma rage masa maki. Masu shirya bikin ba su ƙirƙiro wannan ba. Aro ne daga gasar waƙe da ake kira slam, wadda wani ma'aikacin gini mai suna Marc Smith ya fara a Shikago ta Amurka a 1984, ya kuma mayar da ita wani gidan kiɗa mai suna Green Mill a 1986. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne tarukan karatun waƙa sun zama na gyangyaɗi, mawaƙi na karanta wa takardarsa, jama'a na duban ƙofa. Sai ya mayar da abin gasa. Daga nan dokokin suka zauna: minti 3 da rangwamen sakan 10, ba kiɗa, ba kayan wasa, waƙar ta zama taka ce, alƙalai 5 daga cikin 'yan kallo, kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 10, a jefar da mafi sama da mafi ƙasa a haɗa ukun tsakiya. A 1990 aka yi gasar ƙasa ta farko a San Faransisko, daga nan tsarin ya bazu duniya.

Ba na raina wannan doka. Na ga amfaninta da idona. Duk wanda ya taɓa zama a taron da mutum ɗaya ya riƙe makirufo har masu jiran layi suka gaji suka tafi ya san abin da take magani. A bikin nan an fara a kan lokaci, an tashi a kan lokaci, kuma yarinyar da ke ƙarshen jeri ta sami jama'a kamar yadda na farko ya samu. Ga masu karanta waƙa maras kari, irin wadda matasa ke faɗa da zafi kamar magana, minti 3 ya wadatar har da saura. Mai saurin baki zai zuba kalma 400 a ciki, ya ɗaga hankalin jama'a, ya sauke, ya sauka ana tafi. Wasunsu ma sun burge ni ƙwarai. Akwai wani saurayi da ya yi waƙa kan mahaifinsa da ya rasa aiki yana fita kullum da safe don kada yara su gane, ya gama ko katin farko ban ɗaga ba, kuma ba abin da za a ƙara masa.

Mai rerawa lissafinsa daban ne, kuma da agogo a hannuna na auna. Baiti ɗaya ƙwar biyar, wato mai ɗango biyar, in aka rera shi da natsuwa, yana cin kusan rabin minti. Ke nan minti 3 baiti 6 ne, in an yi sa'a 7. Rubutacciyar waƙa ta Hausa kuwa tana da tsarin da mai ita ba ya tsallakewa cikin sauƙi. Akwai mabuɗi, inda ake farawa da sunan Allah da salati, sau da yawa baiti biyu. Sai a gabatar da jigo, sai a warware shi baiti bayan baiti, sai marufi, inda mawaƙi kan faɗi sunansa, wani ma har da yawan baitocin da shekarar da ya yi ta. In ka cire mabuɗi daga baiti 6, abin da ya rage bai isa a ce an shiga magana ba. Tilasta wa irin wannan waƙa minti 3 kamar tela ne ya yanke hannun riga don ta shiga akwati.

Wani dattijo ne ya sa abin ya tsaya mini a rai. Ya hau da tsohon littafin rubutu mai bangon da ya sha hannu, waƙar a rubuce da ajami, ya gyara tabarau, ya fara. Waƙa ce kan zaman maƙwabtaka, ƙwar biyar, muryarsa ba ta da ƙarfi amma ba ta karkacewa daga kari ko kaɗan. Ga wanda bai saba ba, a ƙwar biyar ɗango huɗu na farko suna tafiya da ƙaramin amsa-amo da ke sauyawa daga baiti zuwa baiti, na biyar kuma ya komo kan babban amsa-amo da ke ratsa waƙar tun daga farko har ƙarshe. Kunnen mai sauraro yana jiran wannan na biyar ɗin, shi ne wurin sauke numfashi. Kafin ya kai baiti na uku ɗakin ya gane amon, mutane sun fara tarar ƙarshen baiti tare da shi. Na ɗaga katin ɗorawa, idonsa na kan littafi. Na ɗaga ja, bai gani ba. Sakan 10 suka cika yana tsakiyar ɗango na uku a baiti na bakwai. Na kaɗa ƙararrawa kamar yadda aka umarce ni. Ya tsaya cak, ya dubi inda ƙarar ta fito, ya rufe littafin a hankali ya sauka. An yi tafi, amma na ji wani a bayana ya ce, "Kash, ai da an bar shi ya kai gaɓa."

Lokacin hutu ya tako har inda nake. Ya ce, "'Yata, ke ce mai ƙararrawa?" Na miƙe na ce, "Ni ce, Baba. Ka yi haƙuri, doka ce aka ba ni." Ya ce, "Ba laifinki ba ne, aikinki kika yi. Ɗango biyu kawai suka rage in rufe baitin. Ko sunana ban kai ba." Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya tambaye ni ko akwai wani zama da ba a kaɗa ƙararrawa, na ce akwai bita gobe da safe, ya ce in Allah ya kai mu zai zo.

Ba shi kaɗai ba ne. A takardar da nake rubuta lokacin kowa, kusan duk waɗanda ƙararrawa ta tsayar masu rerawa ne. Waɗanda suka tsira daga cikinsu kuwa da gudu suka tsira, suna haɗiye dogayen wasula don su cim ma agogo, kuma da zarar an gajarta dogon wasali kari ya karye. Amsar tana nan cikin fom tun ranar rajista. An san wane ne zai rera, wane ne zai karanta. Ba a dai yi komai da sanin ba.

Nawa hawan ya zo da yamma. Waƙata ƙwar biyu ce, kan iyaye mata masu kwana a asibiti wurin jinyar 'ya'yansu, a karin Mutaƙarab, wanda ke tafiya gajere, dogo, dogo, sau huɗu a ɗango. Amshinta shi ne:

Uwa ta yi jinya, dare ya yi nisa,
Tana nan a zaune da hannu a kansa.

Da yake na san dokar tun daga gida, na zaɓi baitocin da za su shiga na ajiye sauran. Jama'a sun karɓi amshin tun zagaye na biyu, har mata na can baya suna ɗaga shi fiye da yadda na ɗauko. Wannan shi ne abin da ya fi komai daɗi a bikin nan, masu sauraronsa ba su da rowar amsawa. Sai dai ɗaki cike da mutane ya fi mutum ɗaya jan amshi, kowane zagaye sai ya ƙara sakan biyu ko uku, kuma agogo ba ya bambanta muryar mawaƙi da ta jama'a. Da na hango katin ɗorawa a hannun wanda ya karɓe ni aiki, dole na tsallake amshi ɗaya na wuce marufi. Wato mafi kyawun abin da zai sami mai rerawa, jama'a su karɓa, shi ne kuma ke cinye masa lokaci a ƙarƙashin wannan doka.

Akwai kuma matsalar wanda ya haɗa aiki da hawa. An jera sunayenmu ba tare da an duba takardar aikinmu ba. Na miƙa agogo ana kiran wanda ke gabana, ke nan minti 3 ne tsakanin kujerar aiki da dandamali, bayan na wuni ban ɗaga murya ba. Maƙogwaro yana buƙatar a tashe shi kafin rerawa, kamar yadda hankali ke buƙatar ya bar lissafin sakan ya koma cikin waƙa. Wata mai tsaron ƙofa ma tana can tana nuna wa baƙi kujeru aka kira ta, ta hau tana haki. Gyaran wannan ba ya cin komai. A sallami mai aiki rabin awa kafin hawansa, a kuma sa wanda zai canje shi a rubuce tun farko. Ɗan ɗakin da aka keɓe wa mawaƙa a bayan dandamali yana da kyau, ga kujeru, ga ruwan sha, ga wanda ke leƙowa ya ce saura mutum biyu. Mu masu sa-kai ne dai ba mu sami zama a cikinsa ba.

Batun maki kuma, raina biyu. Ɗauko alƙalai daga cikin 'yan kallo yana da hikima, don yana cewa waƙa ta kowa ce, ba sai mai digiri zai ce ta yi ko ba ta yi ba. Amma masu slam sun daɗe da gane cewa maki kan yi ta hawa yayin da dare ke nisa, saboda alƙalai kan fara da ƙyashi, in ɗaki ya yi zafi su saki hannu. Shi ya sa suke fara sa wani mawaƙi da ba ya cikin gasa ya yi waƙa, alƙalai su gwada hannunsu a kansa kafin a shiga lissafi. A bikin nan an aro minti 3 an bar wannan a baya, sai na farko-farko suka kwashi 6 da 7, na ƙarshe-ƙarshe kuwa 9 ta zama ruwan dare. Sannan bikin na harsuna da yawa ne, abin da nake yaba masa, amma ba a tambayi alƙalai harsunan da suke ji ba. Alƙalin da bai ji kalmomin ba motsin hannu da ɗaga murya kawai zai auna, kuma a wannan ma'auni mai rerawa a tsaye wuri ɗaya shi ne a ƙasa. Yi wa waƙa alƙalanci a bainar jama'a ba sabon abu ba ne. A kasuwar Ukaz kusa da Ɗa'if, kafin zuwan Musulunci, mawaƙan Larabawa kan kawo ƙasidunsu gaban Nabigatuz Zubyani ya yanke hukunci. Shi dai mawaƙi ne, kuma yana jin harshen da ake yi masa waƙar.

Zaman da ya fi kowane amfani a wurina ba ya cikin gasa. Bita ce ta safe kan karin waƙa, wadda wani malami mai haƙuri ya jagoranta a ƙaramin ɗaki. Bai cika mu da sunaye ba. Ya ce a taƙaice Halilu ɗan Ahmad na Basra ne ya tsara ilimin aruli a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, wani malami mai suna Ahfash ya ƙara na 16, kuma da yawa daga cikinsu, irin su Kamil da Wafir da Ramal da Basiɗ da Mutaƙarab, su ne marubuta waƙoƙin Hausa suka daɗe suna ɗora baitocinsu a kai, saboda Hausa ma tana bambanta gaɓa mai nauyi da maras nauyi. Daga nan sai aiki. Kowa ya kawo ɗango ɗaya nasa, a rubuta a allo, a yanka shi gaɓa-gaɓa, a tafa. Wata ɗaliba ta kawo ɗangon da ta ce kullum yana yi mata tuntuɓe a baki ba ta san dalili ba. Da aka tafa sai ga shi gaɓa ɗaya mai nauyi ta zauna inda maras nauyi ya kamata. Malamin bai ba ta gyara ba, ya ce ta nemo kalmar da kanta. Ta yi shiru tana ƙirga da yatsu, can ta musanya kalmomi biyu wuri, ta rera, ya zauna daram. Fuskarta kaɗai ta isa a ce an yi bitar.

Dattijon nan ya zo kamar yadda ya ce. Malamin ya roƙe shi ya rera waƙarsa daga farko har ƙarshe. Ta ci kusan minti 11. Sai a baiti na goma sha wani abu aka gane inda ya dosa, don duk bayanin haƙƙin maƙwabci da ya jero shimfiɗa ce ga labarin katangar da ta raba shi da amininsa shekaru da dama, da yadda suka shirya. Abin da aka ji a dandamali jiya ashe ko ƙofar waƙar bai wuce ba. Matasan nan masu waƙa maras kari su suka fi kowa yi masa tambayoyi bayan ya gama, wani yana so ya ga yadda ake rubuta amsa-amo da ajami, wani yana tambayar yadda yake riƙe numfashi. Ban ga wata gaba tsakanin salon biyu ba a ɗakin nan. Tsarin dandamali ne kawai ya fifita ɗaya.

An kuma yi zaman yara, gajere mai daɗi, da wani zama na yamma a fili wanda masu wucewa suka riƙa tsayawa suna saurare. Wannan na biyun ina so a faɗaɗa shi. Bikin waƙe na Medelin a Kolombiya, wanda aka fara a 1991 lokacin da kashe-kashe suka addabi birnin, da irin wannan ya yi suna, karatu a filaye da unguwanni inda mutanen da ba za su taɓa shiga ɗakin taro ba suke. Ƙaramin biki ma zai iya ɗaukar wannan darasi daidai ƙarfinsa.

Abu ɗaya da ya ɓata mini rai bayan an tashi shi ne bidiyo. An ɗauki kowa, ba a tambayi kowa ba, kuma guntayen da aka sa a shafin bikin na Facebook an yanko su ne daga tsakiya, wasu babu sunan mai waƙar. Waƙar da ba a buga ba dukiyar mai ita ce. Akwai wadda ta yi waƙa kan abin da ya faru a cikin gidansu, ta yarda ta faɗa wa ɗaki ɗaya, ba ta yarda ta faɗa wa duniya ba. Da ta yi magana an sauke nata nan take, an kuma ba ta haƙuri, wannan na shaida. Amma layi ɗaya a fom, "ka yarda a ɗauke ka a yaɗa?", da ya hana abin faruwa.

A zaman da aka yi da masu sa-kai bayan biki na kawo duk waɗannan, na kuma miƙa takardar lokutan da na rubuta. Shawarata ita ce a raba dandamali gida biyu. Gasa ta ci gaba da minti 3 ga mai so, da mawaƙin gwaji a farko. Sai a buɗe zaman rerawa da za a auna da baiti maimakon minti, a ce kowa baiti 15, ba maki. In kuma dole sai an haɗa su, to a ba mai riƙe agogo izinin jira a rufe baiti kafin ya kaɗa, kada kuma a lissafa amshin jama'a a kan mawaƙi. Shugaban kwamiti ya saurara har na gama, ya ce, "Malama, maganarki a kan hanya take, amma in muka ba kowa baiti 15, mutum nawa za mu mayar gida ba su hau ba?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma amsata ita ce a rage jawaban buɗe taro, waɗanda agogona ya nuna sun ci lokacin mawaƙa goma. Anti ta rubuta, ta ce za a duba. Ba a yi mini alkawari ba.

Kafin a gyara, mai niyyar rerawa a wannan biki ya auna waƙarsa a gida da agogon waya, da murya a sama kuma a tsaye, don rerawa a zuci ta fi ta baki sauri. Ya bar rarar sakan 20 saboda amshi da tafi. Ya mayar da mabuɗi baiti ɗaya, ya yanke shawarar baitocin da zai bari tun kafin ya fito, ya sa musu alama a takarda. In kuma zai haɗa da aikin sa-kai, ya gaya wa mai raba aiki lokacin hawansa tun ranar farko, ya nemi a rubuta sunan wanda zai canje shi. Cikakkiyar waƙar kuwa ya zo da ita zaman bita na safe, can ne ake da lokacin jin ta.